Ƙarfe da Awa: Yadda Kwamfuta Ke Rubuta Tsawon Lokaci da Siffar Agogo

1. Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya ji an ce “ƙarfe uku” ya san wani wuri ne a ke nuna masa a cikin yini ko dare. In kuwa aka ce masa “awa uku”, ko “sa'a uku”, ya san tsawo a ke nufi, kamar tsawon tafiya ko na jarrabawa, ko da yaushe aka fara. Harshe ya raba waɗannan abubuwa biyu da kalmomi dabam dabam, har yaro ƙarami ba ya gama su. Amma da zarar an bar kalmomi an koma ga alƙaluma sai bambancin ya ɓace, gama 3:00 ita ce siffar ƙarfe uku, ita ce kuma siffar awa uku, har wani sa'i ta kan zama ta minti uku.

Wannan siffa ta cika ko'ina a zamanin nan. Tana ƙarƙashin kowane hoton bidiyo, tana kan wayar hannu sa'ad da a ke magana, tana cikin takardar awoyin ma'aikata da sakamakon tsere. Abin da ke rubuta ta kuwa galibi 'yan umurni ne ƙalilan da wani ya tsara sau ɗaya ya ajiye, masu rubuta manhaja suka riƙa ɗauka suna sakawa cikin nasu aikin. Irin wannan ajiya ita masu sana'ar ke kira laburare, mu kuwa a nan za mu kira ta taska. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana aikin da irin wannan 'yar taska ke yi, da wuraren da ta kan yi tuntuɓe, a kuma nuna cewa yawancin tuntuɓen daga abu guda ya ke fitowa, watau mance bambancin nan da ke tsakanin ƙarfe da awa.

2. Asalin ƙidayar sittin sittin

Kafin a shiga aikin taskar ya kamata a san dalilin da ya sa a ke bukatarta. Da a ce goma goma a ke ƙidayar lokaci, kamar yadda a ke ƙidayar naira da kwabo yanzu, da ba wani aiki, sai a sa ɗigo kurum. Amma minti sakan 60 ne, awa kuma minti 60 ce. Wannan gado ne daga mutanen Babila na dā, waɗanda ke yin lissafinsu sittin sittin. Sittin kuwa adadi ne mai daɗin rabo, don yana rabuwa gida 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20 da 30 ba tare da saura ba. Batlimus, masanin taurari na Iskandariya, ya yi aiki da wannan hanya a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, malaman Musulmi kuma suka gaje ta. Wajen shekara ta 1000 Albiruni ya riga yana raba awa gida sittin, kowane gida kuma ya sake raba shi sittin. Rabon fari Larabawa suka kira daƙiƙa, watau 'yar siririya, na biyu kuma saniya, watau ta biyu. Haka ma'anar ta ke a Latin, inda minti da sakan suka samo asali kafin su iso mana ta bakin Turawan Ingila.

A yau sakan shi ne tushen awon duka. Tun shekarar 1967 aka daina auna shi da tafiyar duniya, aka ɗaure shi ga kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ƙwayar zarrar siziyam ke fitarwa. Kwamfuta kuwa ba ta san awa ko minti ba. Abin da ta ke riƙewa adadi ne guda, na sakan ko na kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Mutum ne ba ya iya fahimtar 5,025 da kallo ɗaya, saboda shi a ke juya adadin.

3. Aikin taskar

Ƙofa ɗaya taskar ta ke da ita: a miƙa mata adadi, ta mayar da rubutu. A ce an ba ta sakan 5,025. Da fari ta raba da 3,600, watau yawan sakan da ke cikin awa, ta sami 1, saura 1,425. Sa'an nan ta raba sauran da 60, ta sami 23, saura 45. Sai ta jera su da ruwa biyu a tsakani, ta rubuta 1:23:45.

Malaman da suka san lissafin fam da sule da kwabo, wanda aka yi aiki da shi a Nijeriya kafin naira ta zo ran 1 ga Janairu, 1973, za su ga ba baƙon abu ba ne. Kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Yaron da aka ba kwabo 1,000 ya juya, ya kan raba da 12 ya sami sule 83 saura kwabo 4, ya raba 83 da 20 ya sami fam 4 saura sule 3. A lura da ƙa'idar da ke nan, gama ita ce ginshiƙin maganarmu: gidan kwabo ba ya kai 12, gidan sule ba ya kai 20, amma gidan fam ba shi da iyaka. Haka nan gidan sakan da na minti ba su wuce 59, gidan awa kuwa, in tsawon lokaci a ke rubutawa, a buɗe ya ke.

Sauran aiki ɗaya ya rage, shi ne cike gurbi da sifiri. Awa ɗaya da minti biyar da sakan bakwai 1:05:07 a ke rubuta su, don in aka bar 1:5:7 ido na iya ɗaukar biyar ɗin a matsayin hamsin, jerin lambobin kuma ba zai daidaita a kan takarda ba. Kada a raina wannan ɗan aiki. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye 'yar taskarsa mai suna left-pad daga babbar ma'ajiyar npm. Layi 11 ce kurum, aikinta kuwa cike gurbi ne daga hagu, irin wannan da muka faɗa. Amma da ya ke manyan manhajoji da yawa sun jingina da ita, wasu ma ba da saninsu ba, sai dubban ayyuka suka tsaya cik a ƙasashe dabam dabam, har aka mayar da ita a ranar. Ƙaramar taska in ta yaɗu, kuskurenta ma haka ya ke yaɗuwa.

4. Tuntuɓe na fari: aron agogo

Kusan kowane harshen kwamfuta yana zuwa da kayan rubuta kwanan wata da lokacin agogo. Saboda haka mai gaggawa ya kan ce, me zai sa in yi rabo da kaina? Sai ya ɗauki sakan ɗin ya miƙa wa agogo. Yawancin kwamfutoci suna ƙidayar lokaci ne daga tsakar daren 1 ga Janairu, 1970, bisa agogon Girinwic. In aka ce wa agogo sakan 5,025 sun wuce daga wannan dare, zai amsa da ƙarfe 01:23:45, sai a yanke kwanan watan a jefar, a riƙe sauran. Dabarar ta shahara ƙwarai a wurin masu rubutu da JavaScript, ta kan kuma yi daidai har ranar da za ta ƙi.

Aibinta na fari shi ne agogo kewaye ya ke yi. In ya kai awa 24 sai ya koma sifiri, ya tura sauran cikin kwanan wata, wanda aka riga aka jefar. Sakan 90,000 awa 25 ne, amma 01:00:00 za a gani. Irin wannan ya kan faru a manhajar Excel. A ce ma'aikaci ya yi awa takwas da rabi kullum har kwana biyar. Jimla awa 42 da rabi ke nan, amma in akawu ya bar gidan jimlar da siffar agogo, 18:30 zai gani, yini guda cur na gumin mutum ya faɗi ƙasa ba wanda ya ji ƙararsa. Maganinsa a can shi ne a sa harafin awa cikin baka mai kusurwa, watau [h]:mm, sa'an nan 42:30 ta bayyana.

Aibi na biyu shi ne agogo na da gari, tsawon lokaci kuwa ba shi da gari. In mai dabarar ya yi aiki da agogon ƙasarsa maimakon na Girinwic, to, wanda ya rubuta manhajarsa a Kumasi ba zai ga kome ba, don agogon Gana daidai ya ke da na Girinwic. Amma ranar da aka buɗe ta a Kano ko Zinder, inda agogo ke gaba da awa guda, wa'azin minti goma sai ya fito 01:10:00.

Wani zai ce, to, in awoyi sun yi yawa a mayar da su kwanaki mana. Haka harshen Python ke yi, ya kan rubuta sakan 90,000 a matsayin kwana ɗaya da 1:00:00. Wannan ya halatta in an yarda kwana awa 24 ne daidai. Sai dai a ƙasashen da a ke matsar da agogo sau biyu a shekara, kamar Ingila da Faransa, akwai kwana mai awa 23 da mai awa 25. Wata ya fi wuya, gama na Turawa daga kwana 28 ne zuwa 31, na Musulunci kuwa 29 ko 30. Don haka 'yar taska mai hankali ta kan tsaya a awa, ta bar kwana da wata ga mai riƙe da kalanda.

5. Tuntuɓe na biyu: gutsuren sakan

Ba kullum adadin ke zuwa cikakke ba. A ce an ba taskar sakan 59.6. In ta fara rabo, za ta sami minti sifiri, saura 59.6. Ta zo rubutawa ta ga ba wurin gutsure, sai ta cika shi zuwa adadi mafi kusa, watau 60, ta rubuta 0:60. Wannan daidai ya ke da a rubuta sule sifiri da kwabo 12. Haka 3,599.7 za ta fito 59:60 maimakon 1:00:00. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a fara cika adadin tun yana dunƙule, kana a raba.

Akwai dai wuri ɗaya da 60 ta taɓa halatta a gidan sakan, shi ne a agogo. Tun 1972 an ƙara wa agogon duniya sakan guda har sau 27, don a daidaita shi da juyawar ƙasa, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba, 2016, sa'ad da agogon Girinwic ya nuna 23:59:60. A 2022 aka yanke shawarar daina wannan ƙari nan da shekara ta 2035. Wannan ma shaida ce cewa dokar ƙarfe dabam, ta awa dabam, don a tsawon lokaci minti bai taɓa wuce sakan 60 ba.

Sa'an nan akwai tambayar inda za a kai gutsuren, sama ko ƙasa. Amsar ta dogara ga abin da a ke aunawa. Lokacin da ya riga ya wuce, kamar na bidiyon da a ke kallo, datse gutsuren a kan yi, don kada a ce an yi sakan goma alhali ba a cika ba. Lokacin da ya rage kuwa, kamar na ɗalibi a ɗakin jarrabawa, sama a kan kai shi, don kada allo ya nuna 0:00 alhali da sauran rabin sakan. A tseren kan hanya, dokar hukumar guje-guje ta duniya ita ce a kai kowane gutsure zuwa cikakken sakan na gaba, watau wanda ya yi 2:10:15.2 a rubuta masa 2:10:16, don kada a ba mai tsere abin da bai yi ba. Saboda haka bai kamata taskar ta yanke wannan hukunci a ɓoye ba. Ta zaɓi hanya ɗaya ta bayyana ta, ta kuma bar wa mai aiki da ita damar sakewa.

Har wa yau, kwamfuta ba ta riƙe gutsure irin na goma goma daidai wa daida. In aka ce ta tara 0.1 da 0.2, yawancin harsuna 0.30000000000000004 za su ba da. Ɓurɓushin nan bai kai a gani ba, amma in ya faɗo a bakin iyaka ya isa ya mai da 60 ta zama 59 bayan datsewa. Shi ya sa gwanaye suka fi son ƙidaya da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kowane adadi cikakke.

6. Tuntuɓe na uku: lokacin bashi

Agogo bai san ƙasa da sifiri ba, amma tsawon lokaci ya sani. Mai jawabin da aka ba minti goma ya ƙara minti ɗaya da rabi, abin da ya rage masa sakan 90 ne na bashi, wanda ya kamata a rubuta -1:30. A nan harsunan kwamfuta sun saɓa wa juna a kan saura. In aka raba -90 da 60, Python za ta ce -2 saura 30, sai rubutun ya fito -2:30, an ƙara wa mutum bashin minti guda. JavaScript kuwa sauranta -30 ne, in aka gama shi da rabon da aka kai ƙasa sai a ga -2:-30, abin da ba mai iya karantawa. Bashin sakan guda ma Python ta kan rubuta shi a matsayin bashin kwana ɗaya da 23:59:59. A lissafi daidai ne, amma mai karatu sai ya tsaya ya yi ɗebewa kafin ya gane.

Hanyar tsira ita ce a cire alamar ɗebewa a ajiye gefe, a yi duk rabon da adadin kamar ba bashi ba ne, in an gama a mayar da alamar a gaba sau ɗaya. A kuma kula, in bashin gutsure ne da ya koma sifiri bayan cikawa, kada a bar -0:00.

7. Tuntuɓe na huɗu: gida biyu, da ɗigo

In gidaje uku ne, kamar 2:00:35 da Kelvin Kiptum na Kenya ya yi a tseren Shikago a 2023, ba mai shakka. Amma in biyu ne, 12:30 na iya zama awa da minti, ko minti da sakan. Waɗansu taskoki su kan ɓoye gidan awa in sifiri ne, abin da ke da kyau a ƙarƙashin bidiyo, amma a jerin lambobi yana ruɗarwa, don 59:00 sai ta fi 1:02:00 girma a ido. A jeri gara kowane layi ya fito da gidajensa uku.

Ɗigo ya fi wannan haɗari. Mun gaji al'adar Ingila ta rubuta ƙarfe bakwai da minti arba'in da biyar 7.45, a Nijar kuwa 7h45 a ke rubutawa irin ta Faransa. Amma ɗigo a lissafi alamar kashi goma goma ce. Da Tobi Amusan ta Nijeriya ta yi 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a Amurka a 2022, sakan 12 ne da kashi 12 cikin ɗari. To, in akawu ya ga awa 7.45 a takardar ma'aikaci ya buga ta haka a na'urar lissafi, ya zalunce shi, don awa bakwai da minti 45 a lissafin goma goma 7.75 ce. Bambancin 0.30 na awa minti 18 ne, a kwana 20 kuwa awa shida ke nan. Saboda haka a bar ruwa biyu ga sittin sittin, a bar ɗigo ga gutsuren sakan. Ko a nan ma ba a haɗu ba, gama fayil ɗin rubutun fassarar fim irin na SRT waƙafi ya ke sawa kafin gutsure, na WebVTT kuwa ɗigo.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 8601, wadda ta fara fitowa a 1988, ta kauce wa ruɗanin duka ta hanyar ba tsawon lokaci siffa tasa ta kansa. A cikinta 1:23:45 ta zama PT1H23M45S, kowane adadi da harafin da ke faɗin ko mene ne shi. Ba ta da daɗin gani, amma tsakanin na'ura da na'ura ita ta fi aminci. Abin lura shi ne, abin da ta yi shi ne abin da Hausa ke yi tun dā: ta kira kowane abu da sunansa.

8. Abin da ya shafi Hausa

Akwai lokacin da dole alƙaluman su koma kalmomi, misali sa'ad da na'ura ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, ko mai fassara ke juya manhaja zuwa Hausa. A nan 1:30 ta kan rabu uku: ƙarfe ɗaya da rabi, awa ɗaya da rabi, minti ɗaya da rabi. Rubutun shi kaɗai ba zai faɗi wanne ne ba. Don haka duk taskar da za ta yi magana da Hausa, daga adadin sakan na asali ya kamata ta gina maganar, ta kuma san tun fari ko ƙarfe aka ba ta ko awa.

Ta wani gefen Hausa ta sauƙaƙa aikin. Larabci na da siffa dabam ta abu biyu, Ingilishi na sake kalma in an wuce ɗaya, mu kuwa awa ɗaya, awa biyu, awa goma duk daidai ne. Matsalarmu tana ga kalmar daƙiƙa. A Larabci minti ce, waɗansu masu ba da labarin ƙwallo kuma har yanzu haka su ke nufi in sun ce an ci a daƙiƙa ta 80. Amma da yawa daga masu rubutu da masu watsa labarai sakan su ke nufi da ita. Kalmar da ke iya nufin abu da kuma ninkinsa sittin ba ta dace da wurin awo ba. Shawararmu ita ce a manhaja da littattafan lissafi a tsaya ga awa, minti da sakan, a keɓe ƙarfe ga agogo kaɗai.

9. Yadda za a jarraba

Malamin da ke son gwada wata taska, ko aikin ɗalibansa, ba ya bukatar adadi da yawa. Na bakin iyaka sun isa. A ba ta 0, a ga 0:00:00. A ba ta 59 da 60, sa'an nan 3,599 da 3,600, a ga ko gidajen na miƙa wa juna daidai. A ba ta 86,399 da 86,400, a ga 23:59:59 da 24:00:00. A ba ta 360,000, a ga ko gidan awa zai ɗauki alƙalami uku ya rubuta 100:00:00. A ba ta 59.6, a ba ta -90, a kuma matsar da agogon na'urar zuwa na wata ƙasa a sake gwadawa, amsa kada ta motsa.

Duk waɗannan ana iya yinsu a kan allo da alli, tun ɗalibi bai taɓa kwamfuta ba, wanda ya ƙware a kansu kuwa rubuta umurnin ba zai ba shi wuya ba. Kafin kowane lissafi dai malami ya riƙa yi wa ajinsa tambaya guda da Hausa: wannan adadi, ƙarfe nawa ya ke faɗi, ko awa nawa?